Muna son yin hutun damina a ƙauye don taimakon lafiyar yara: ta ina za mu fara?

Abu Sadik, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin lafiya a karkara. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, maiɗakina malamar makaranta ce, kuma Allah ya ba mu yara uku: babbar tana da shekara 15, mai bi mata 12, autan kuma 6. Asalin mahaifina wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja, kuma duk lokacin da muka je gaisuwa ko ta'aziyya, abin da ke tsaya mini a rai shi ne halin ƙananan yara, domin za ka ga yaro ya kusa shekara biyu amma bai fara tafiya ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, uwarsa kuma tana ce maka ai haƙori ne yake fitarwa.

Mun zauna da iyali mun yanke shawarar cewa dogon hutun bana, maimakon mu zauna a gida, za mu tafi can mu yi 'yan makonni a cikin watan Agusta, mu yi abin da za mu iya saboda Allah, yaranmu kuma su ga yadda danginsu ke rayuwa. Mun ɗan tara kuɗi don wannan. Tsarin da muke da shi a yanzu shi ne mu sayi katan-katan na maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da na ƙarin jini, mu haɗa da madarar gwangwani da tufafi, mu kafa rumfa a ƙofar gidanmu na gado mu riƙa rabawa. Sai dai babu ma'aikacin lafiya a cikinmu, shi ya sa zuciyata ba ta kwanta da tsarin ba. Shin wannan hanya ta dace? Wa ya kamata mu fara sanarwa? Kuma akwai haɗari idan muka tafi da yaran, musamman autan?

Maman Zahra, Dutse

Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadik. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan niyya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, na yi shekaru ina aiki a ƙananan asibitocin karkara, kuma shawarata ta farko ita ce ku ajiye maganar rabon magani gaba ɗaya. Zazzaɓi a jikin yaro ba lallai ne ya zama na cizon sauro ba, shi ya sa muke tsaga yatsa mu yi gwajin jini kafin mu ba da magani, kuma adadin da ake bayarwa ya danganta da nauyin yaron. Idan kun raba kwalaben sirof a rumfa, uwa za ta samu abin da zai sauke zafin jiki na kwana biyu, sai ta fasa zuwa asibiti, alhali ciwon yana nan yana cin yaron. Ga kuma matsalar maganin kasuwa wanda ba a san asalinsa ba. Waɗanda suka manyanta za su tuna maganin haƙori na My Pikin, wanda ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008. Madarar gwangwani ma ina roƙon ku bar ta, domin uwar da aka ba za ta dama ta da ruwan rijiya, ta tsinka ta don ta daɗe, ta rage shayarwa, ƙarshenta jariri ya kamu da gudawa. Nonon uwa zalla har wata shida shi ne abin da muke ta faman koyarwa.

Amma kada wannan ya sa ku fasa tafiyar, domin lokacin da kuka zaɓa shi ne lokacin da muka fi buƙatar hannu. A Agusta hatsin bara ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, mata suna gona, sauro ya yi yawa, saboda haka tamowa da zazzaɓi da gudawa suke haɗuwa a kan yaro ɗaya. Abin da ya fi ƙaranci a wajenmu shi ne mutanen da za su shiga gida-gida su gano yaron tun bai galabaita ba, kuma wannan aiki ne da Hajiya maiɗakinka za ta iya koya a wuni guda.

Akwai wani ɗan ma'auni mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ga yara daga wata 6 zuwa wata 59. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana da tamowa mai tsanani, dole a kai shi asibiti a ranar. Ruwan ɗorawa, daga 11.5 zuwa 12.5, yana nufin ya fara ramewa kuma yana buƙatar kulawa, kore kuwa lafiya. Bayan awo, sai a danna saman ƙafafun yaron biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba a ƙafafun duka biyu, wannan kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Wannan kumburi shi ne ya fi yaudarar iyaye, har ka ji kaka tana murna cewa jikanta ya murmure.

Yaron da aka tabbatar yana da tamowa mai tsanani, idan yana iya cin abinci kuma ba shi da wani ciwo a kai, ba a kwantar da shi. Ana ba uwar abincin nan na leda da ake kira RUTF, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ta tafi gida, ta riƙa dawowa ranar da aka sa mata don a sake auna shi a ƙara mata wani. Yawanci cikin mako shida zuwa takwas yaro yake farfaɗowa. Inda aikin ke lalacewa shi ne dawowar. Uwa za ta zo sau biyu, ta ga yaro ya fara wasa, ga kuɗin babur ya yi tsada, ga noma ya taso, sai ta daina zuwa. Wata kuma takan raba ledar da sauran yaran gidan, ba don rashin hankali ba, don su ma yunwar suke ji. Idan kuɗin da kuka tara ya tafi wajen ɗaukar nauyin babur ko mota da za ta riƙa kai waɗannan mata ranar awo, kun yi abin da rumfar magani ba za ta taɓa yi ba.

Abu na biyu shi ne maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59, sau ɗaya kowane wata a tsawon damina. Masu rabo suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Maganin yana da ɗaci, yara suna tofarwa, iyaye suna mantawa, wasu ma suna ajiye shi sai yaro ya yi zazzaɓi. Wanda zai leƙa gidajen a waɗannan kwanaki biyu ya tuna wa uwa, ya nuna mata yadda ake narka ƙwayar a cokali da ɗan ruwa, ya taimaka ƙwarai.

Game da wanda za ku sanar, ku fara da shugaban ƙaramin asibitin da ke kula da ƙauyen, shi zai haɗa ku da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da kwamitin ci gaban mazaɓa. Ku gaya masa kun zo ne ku yi aiki a ƙarƙashinsa.

Isufu, Damagaram

Sallama gare ku duka. Ina goyon bayan abin da Hajiya Maman Zahra ta faɗa, kuma ina so in ƙara da abin da muka gani a nan Nijar, tun da ƙasarmu da taku iri ɗaya ce, gero ɗaya muke ci, damina ɗaya muke jira. Tun bayan yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin tamowa na Maraɗi suka cika suka batse, aka gane cewa jiran sai an kawo yaro likita ba ya wadatarwa, domin da yawa sukan iso ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Daga baya a gundumar Mirya, kusa da Damagaram, ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA tare da ƙungiyar BEFEN ta 'yan ƙasa suka gwada koya wa iyaye mata awon damtse da kansu, kowace uwa a bar mata ma'auninta a ɗaki. An samu cewa matan da ba su taɓa shiga aji ba suna iya gane launin daidai, kuma yaransu suna isa likita da wuri. Yanzu wannan hanya ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, Malam, shi ne ku baƙi ne masu komawa. Idan maiɗakinka ce kaɗai take awo, ranar da kuka hau mota awon ya tsaya. Amma idan ta zauna da mata a tsakar gida, ta auna yaro ɗaya suna kallo, sannan ta miƙa wa uwar ma'aunin ta ce ke ma gwada, ta gyara mata inda ta ja da ƙarfi ko ta sassauta, to aikin zai ci gaba har kaka da rani. Ku nemi ungozomar garin tun farko, domin ita mata ke saurara, kuma ita ta san gidan da aka yi yaye da wuri saboda sabon ciki, wanda a nan ne tamowa ta fi kama yara.

Sannan a yi girki tare da su da abin da ke garin. Kunun da ake ba yaro sau da yawa ruwa ne tsululu, yana cika ciki ba ya gina jiki. A soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, a dama da kauri, a zuba ɗan mai, in da hali a sa garin zogale. Duk abin da za ku koyar, ku tabbata ana samunsa a kasuwar ƙauyen da kuɗin da mijin matar zai iya fitarwa, in ba haka ba koyarwar za ta zama labari kawai. Shi ya sa ma nake ganin kai, Malam, aikinka yana wajen maza, a dandali da ƙofar masallaci, domin a hannunsu kuɗin cefane da izinin fita suke.

Kawu Bala, Kano

Ɗana Abu Sadik, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, tsohon malamin firamare ne da ya yi yawancin aikinsa a ƙauyuka, kuma zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗin ji ba. Ka zauna ka lissafa kuɗin mai daga Kaduna zuwa Haɗeja da dawowa, da abincin mutum biyar, da tsarabar da dole ka kai wa dangi, sannan ka tambayi kanka ko wannan kuɗi ba zai gyara famfon burtsatsen da ya lalace a garin ba. Yawancin gudawar da ke kwantar da yaran nan daga ruwa take, kuma famfo ɗaya da ke aiki zai yi shekaru yana hidima bayan an manta da zuwanku. Ban ce kada ku je ba, domin zumunci ma ibada ne, kuma yaranka za su ƙaru. Amma a faɗi gaskiya, rabin amfanin tafiyar naku ne, kuma babu laifi a hakan matuƙar an san haka ne.

Idan kun je, ka tuna baƙo raɓa ne. Kafin ka sauke kaya, ka sa wani dattijo daga danginku ya raka ka wajen dagaci da liman, ka yi bayani, ka saurari abin da su suke gani shi ne damuwarsu. Mutanenmu suna da dalilin yin ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da magani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a nan Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, shari'a ta ɗauki shekaru. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga cikin aikin da kansu kafin a kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Yardar da ma'aikatan lafiya suke da ita a ƙauyuka yanzu da wahala aka gina ta, kuma kuskure ɗaya daga mai kyakkyawar niyya zai iya rusa ta. Yaro ɗaya ya sha maganin rumfarku ya rasu, ko da ba maganin ne sanadi ba, masu rigakafi za su sha wahalar shiga garin shekaru masu zuwa.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hoto. Ina ganin yadda ake ɗaukar yaro tsirara, haƙarƙarinsa a waje, a sa a Facebook da sunan neman taimako. Wannan yaron yana da uba, yana da dangi, kuma zai girma. Ka gargaɗi yaranka tun daga gida cewa waya ba ta fitowa a gidan mara lafiya.

Dakta Ummu Aiman, Sakkwato

Malam Abu Sadik, zan amsa tambayarka ta uku a matsayina na likitar yara. Za ku iya tafiya da su, amma da shiri. A duba katin rigakafin kowannensu tun yanzu, musamman na ƙyanda da na mashaƙo, domin tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya yi ɓarna a Arewa, Kano ta fi ko'ina, kuma ya fi kama yaran da ba su kammala allurarsu ba, har da waɗanda suka wuce shekara biyar. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa sinadarin tsarkakewa, kuma autan kada ya shiga inda ake tara marasa lafiya. Babbar za ta iya riƙe littafi tana rubuta sunan yaro da gidansu da launin da awo ya nuna, mai bi mata kuma ta koya wa tsaranta wanke hannu da sabulu ko toka. Ka kuma bincika halin hanya kafin ku tashi, domin kogin Haɗeja yakan yi ambaliya a Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a 2022, ya yanke wasu garuruwa daga asibiti.

Akwai alamomin da duk wanda zai shiga gidaje ya kamata ya haddace, domin idan an gan su ba a jiran gobe: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya sha, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Haka nan idan numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma ƙasan ƙirjinsa yana shiga ciki idan ya ja numfashi, wannan alamar ciwon huhu ce. Ga mai gudawa, ruwan gishiri da sukari na leda tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 su ne magani, kuma waɗannan kaɗai zan ce ku saya, daga kantin magani mai rajista, ku damƙa wa asibitin garin su raba.

Ina kuma roƙon Hajiya maiɗakinka ta riƙa buɗe bakin yaran da ta samu da tamowa. A nan Sakkwato muna da asibiti na musamman don cutar noma, wadda ke cinye kumatu da leɓe, kuma ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan sun yi ƙyanda. Takan fara ne da dasashi mai jini da warin baki, daga nan kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya fara mutuwa. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci suna tsayar da ita, amma idan an makara mafi yawan yaran ba sa rayuwa, waɗanda suka tsira kuma sai an yi musu tiyata sau da yawa kafin su iya cin abinci daidai. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan ƙoƙarin da Najeriya ta jagoranta. Duba bakin yaro ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Abu Sadik, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa iyali amsoshinku jiya da dare, kuma mun janye maganar rumfa da madara. Kawu, na karɓi maganarka. Na kira ƙanin mahaifina ya duba mana halin famfunan garin, ya ce biyu daga cikinsu sun daɗe ba sa aiki, saboda haka za mu raba kuɗin, kashi ɗaya gyaran famfo, kashi ɗaya jigilar mata ranar awo. Abin da ya rage mini shi ne, Hajiya Maman Zahra, ina tsoron mu tara yaran da awo ya nuna ja, mu kai su asibiti, a ce mana abincin tamowar ya ƙare. Idan haka ta faru, me za mu ce wa iyayensu?

Maman Zahra, Dutse

Tsoronka yana kan hanya, Malam, domin yankewar kaya tana faruwa, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da shirin tamowa ba. Saboda haka kada a auna yaro ko ɗaya sai ka tambayi shugaban asibitin abubuwa uku: wace cibiya ce mafi kusa da ke ba da abincin, wace rana ce ranar awonsu, kuma wane babban asibiti ne ke kwantar da yaran da suka kumbura ko suka ƙi cin abinci. Ka karɓi lambar jami'in abinci mai gina jiki na ƙaramar hukuma, ka kira shi kafin ku taso daga Kaduna, domin shi ya san inda kaya suke a wannan makon. Kada ku sayi ledar a kasuwa ko da kun gan ta a kan tebur, domin wadda ake sayarwa a can an karkatar da ita ne daga rabon wasu yaran, kuma sayenta yana ƙara wa masu karkatarwa ƙarfi. Idan an samu yankewa, yaron da ya nuna ja duk da haka a kai shi a duba shi, a yi masa gwajin zazzaɓi, a rubuta sunansa, uwar ta ci gaba da shayarwa da kunu mai kauri sau da yawa a rana, wanda kuma ya kumbura ko ya daina ci a wuce da shi babban asibiti a ranar. Kuɗin jigilar kuma ku bar shi a hannun kwamitin mazaɓa, a rubuce, gaban dagaci, yadda zai kai har ƙarshen Oktoba lokacin da sabon hatsi ya shigo gida.